“To” Ba “I” Ba Ce

Vénissieux, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin zauna lafiya a Paris, kin kuma sami Hajiya Mariyama da mutanen gidanta lafiya a Saint-Denis. Ki gaishe ta da kyau, ki ce na gode da ɗakin da ta ba ki. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da kan titi, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin sabon aikinki.

Ni ina nan yadda kika bar ni. Ƙafar ce dai, ga asansar, na'urar hawa benenmu, ta sake tsayawa, kwana uku ke nan ban sauka ƙasa ba. Kada wannan ya dame ki, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. In kin ga rubutun yana rawa, hannu ne, hankalina yana nan daram. Na san kin fi saurin karanta Faransanci, amma ki yi haƙuri ki bi wannan a hankali, kamar yadda muke yi a teburin kicin kina ƙarama. Duk rayuwata, in na buɗe baki da Faransanci maganar wani nake ɗauka in kai wa wani. Wannan maganar tawa ce.

Asabar ɗin makon jiya, da shugaban jam'iyyarku ya zo zauren taro na nan Minguettes, ina zaune a layi na uku. Kin ce kada in zo saboda ƙafa, na zo. Mutumin ya burge ni, ba zan ɓoye miki ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya nuna mutane da yatsa. Ya san ƙuri'ar raba gardamar nan ta batun Turai ta tsaga ƙasar biyu, “i” ta rinjaya da ƙyar, ya kuma san cewa shi “i” ya nema, unguwarmu ta ba shi “a'a”. Duk da haka ya tako ya zo. Da ya gama magana, Malam Isuhu na Tawa, maƙwabcinmu na hawa na huɗu, ya miƙe a madadin dattawa. Yana jin Faransanci, amma da Hausa ya yi magana, ya ce: “To. Mun ji. Allah ya taimaka.” Ya zauna.

Shugabanku ya sunkuyo ya tambaye ki me ya ce. Ina kallon bakinki. Kika ce: “Ils sont avec vous.” Suna tare da kai. Ya yi murmushi, ya sauko ya kama hannun Malam Isuhu, mai hoto ya ɗauka. Shekaranjiya a waya kika gaya mini, kina murna, cewa hoton nan za a sa a takardar da za ku raba gida gida kafin zaɓen majalisa, da rubutu a ƙasa cewa unguwa tana tare da ku, ranar Alhamis kuma za a kai wa masu bugawa.

Uwani, Malam Isuhu bai ce yana tare da kowa ba. Na san haka domin kuskuren nan ni na fara yin sa, tun ba a haife ki ba.

Kin san na yi lakkol, wato makarantar boko, a Damagaram zamanin Turawa, kin san na yi aikin tafinta a biron kumandan, ofishin Baturen mulki. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne abin da ya faru a shekarar da aka yi mana tamu ƙuri'ar ta “i” da “a'a”, wadda aka tambaye mu ko za mu zauna da Faransa. Kumandan yana rangadi ƙauye ƙauye, ina biye da shi, yana faɗa ina juyawa. Muka isa wani gari da rana tsaka, bayan mun riga mun yi uku. Ya gaji, wuyansa ya yi ja. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawo, ya yi bayaninsa, na juya. Maigarin dattijo ne siriri, Maigari Ɗanladi, mai yawan shiru. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi mutanensa, ya ce: “To. Mun ji.”

Kumandan ya juyo gare ni. Na san sarai irin wannan “to” ɗin. A gidanmu na tashi ina jin ta. Amma Faransanci ba shi da kalma guda da zan sa a wurinta, sai na yi dogon bayani, mutumin kuwa ba ya son dogon bayani, yana son ya tashi. Na kuma lura tun da daɗewa cewa tafintan da ya kawo “i” ana yi masa fara'a a mota. Na ce masa: ya ce i. Ya rubuta a littafinsa, muka wuce.

Ranar ƙuri'a akwatin garin nan ya zo da “a'a”. Kumandan ya buɗe littafinsa ya ga inda ya rubuta, ya ce maigari ya yi masa ƙarya a gaban jama'a. Aka kira shi biro. Ni aka sa in tsaya a tsakaninsu. Maigari ya ce shi bai yi wa kowa alkawari ba, na juya wannan daidai. Kumandan ya ce da kunnensa ya ji, na juya wannan ma daidai. Abu ɗaya ya rage in faɗa, wanda ba na kowa ba ne sai nawa: ni ne na juya ba daidai ba. Ban faɗa ba. Aka tuɓe masa rawani, aka naɗa ɗan ƙanensa.

Bayan shekaru, Turawa sun tafi, na gamu da shi a kasuwa yana sayar da igiya. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce: “Malam tafinta, ni fa ‘to’ na ce.” Ya saki hannuna. Shekara talatin da wani abu ke nan, har yau in na ga igiya a shago sai na ji muryarsa.

Don haka ki saurare ni, wannan sana'ata ce. “To” iri iri ce. Akwai gajeriya mai sauri, wadda tambaya take biyo ta: to, yaushe za a fara, to, wa zai zo. Wannan yarda ce, domin wanda ya yarda yana son ya san abin da ke gaba. Akwai mai ja, wadda ake yi da kai a sunkuye, ma'anarta maganarka ta shiga kunnena, sauran kuma tsakanina da zuciyata. Akwai wadda addu'a take biyo ta nan take. In dattijo ya ce miki “to, Allah ya taimaka” bai tambaye ki komai ba, ya sallame ki ne cikin mutunci. Ya ƙi ya kunyata baƙo a gaban mutane, shi ke nan. Wadda Malam Isuhu ya yi ke nan. Ke kin bar Damagaram kina da shekara bakwai, ba laifinki ba ne in kunnenki bai rarrabe su ba. Amma ina zaton ya rarrabe, Uwani. Ina zaton kin ga mutumin ya gaji, kin ga idonsa yana neman labari mai daɗi, ranarki ta farko a gefensa. Ni ne mutum na ƙarshe a duniya da zai zarge ki da wannan.

Kada kuma ki ɗauka mu kaɗai muke da ita. Turawan nan suna da tasu. René, wanda muka yi aiki tare a luzin, masana'antar manyan motoci, in ya ce “bon” ya ɗaga kafaɗa, na san ba a gama ba. Kin ce aikinki a Paris shi ne karanta wasiƙun masu ƙuri'a ki taƙaita wa shugaba. Za ki ga da yawa sun fara da girmamawa sun ƙare da girmamawa. Ki nemi abin da ke tsakiya, yawanci layi ɗaya ne, mutum ya rubuta shi kamar ba da gangan ba. Shi za ki kai.

Jiya Malam Isuhu ya hau matakala har hawa na tara ya kawo mini burodi da madara. Ya zauna yana haki, na dafa mana shayi. Ban gaya masa zancen hoto ba. Na dai tambaye shi yadda ya ga baƙon. Bari in rubuta miki abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ba zan rage ba.

Ya ce shi ba ya ƙin mutumin, har ya taɓa ba jam'iyyarsa ƙuri'a tun da ya sami takardun ƙasa, domin shi kaɗai ne ba ya zagin baƙi, ba ya kuma alkawarin abin da kowa ya san ba zai yiwu ba. Ya ce littafin yarjejeniyar Turai da aka aiko wa kowa ta gidan waya, mai ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa, ya kai shi wurin aiki, shi da abokan aikinsa a sito suka yi mako biyu suna karantawa a lokacin cin abinci, ba su ga inda aka yi maganar wanda yake ɗaukar kaya a bayansa ba. Ya ce motocin da suke saukewa yanzu lambobinsu na wasu ƙasashe ne, ana ta raɗe-raɗin za a mai da siton can inda hannu ya fi araha. Ya ce za a buɗe wa kaya iyaka su wuce ba tambaya, shi kuwa shekara biyu yana neman biza wa mahaifiyarsa ta zo ta ga jikokinta. Wannan duk ya faɗa ba tare da fushi ba.

Inda muryarsa ta canza shi ne da ya zo kan abin da shugabanku ya faɗa a talabijin washegarin ƙuri'a, cewa waɗanda suka ce “a'a” ba su fahimta ba ne, za a ƙara yi musu bayani. Ya ajiye kofi ya ce: “Malam, ni na fahimta. Abin da na fahimta ne ya sa na ce a'a.” Sannan ya ce abin da yake tsoro ba kansa ba ne. Yana tsoron in mutumin nan ya ci gaba da ɗaukar rabin ƙasa a matsayin 'yan lakkol da ba su gane darasi ba, abokan aikinsa za su koma wurin masu ihu, waɗanda aƙalla suke yi kamar suna saurare, masu ihun nan kuwa mun san da wa za su fara. Tausayin shugabanku yake ji, Uwani. Yana ganin mutumin kirki zai faɗa rami, na kusa da shi suna ce masa hanya lafiya lau.

Yanzu ki duba abin da hoton nan zai yi. Malam Isuhu shi ne ya tsaya a gaban mutanen sito ya ce su yi “a'a”. Ranar da takardar ta shiga akwatunan wasiƙa na benayen nan, za su gan shi yana murmushi hannu cikin hannu, da rubutu a ƙasa cewa yana tare. Za su ce an saye shi. Shi ba mai musu ba ne, ba zai bi gida gida yana cewa ba haka ba ne. Zai yi shiru, ya daina miƙewa a taro. Ba shi da rawanin da za a tuɓe, maganarsa a wurin mutane ita ce duk abin da yake da shi.

Akwai wani kuskure nawa da ya shafi wannan, ko da yake ƙarami ne a kan na farko. Shekarar da aka yi dogon yajin aiki a luzin, shugabanni suka lura ina da Faransancin lakkol, ma'aikata baƙi kuma suna jin maganata, sai aka mai da ni ɗan aike. Na ji daɗi, na ce ni ne na tsakiya. In ma'aikata suka ce ba za su koma ba sai an gyara injin da ya cinye yatsun mutum biyu, sai in hau sama in ce suna da 'yar damuwa game da kayan aiki. In na sama suka ce ba za a gyara ba bana, sai in sauko in ce ana dubawa. Kowa ya yi mini godiya. Kwana goma kowane ɓangare yana zaton an kusa shiryawa, ranar da suka zauna fuska da fuska suka gane ba a ko fara ba, abin ya fi da muni. Na shekara ina cin abincin rana ni kaɗai, in ban da René da yake zuwa ya zauna kusa da ni.

Jam'iyyarku tana kiran kanta ta tsakiya, ba dama ba hagu. Madalla. Amma na tsakiya yana da aiki ɗaya, ya kai wa kowane ɓangare maganar ɗayan da nauyinta. In ya rage mata nauyi a hanya don kada a ɓata rai, ya zama bango, kowa yana magana da shi yana zaton da ɗan'uwansa yake yi. Ke kuma kina tsakiyar na tsakiya. Abin da kika ba shi, shi zai ɗauka ya ce abin da mutane suka ce ke nan.

Ga abin da nake so ki yi kafin Alhamis. Kada ki je wurin mai haɗa takardar ki ce a canza hoto saboda bai fito da kyau ba. Na san dabarar za ta zo miki, domin ni ita za ta fara zo mini. Ki nemi shugaban da kansa, ko minti biyar ne a tsaye. Ki fara da naki: ranar Asabar na juya maka magana ba daidai ba. Kada ki ɗora wa Hausa laifi, kada ki ce harshen ne mai wuya. Sannan ki gaya masa abin da dattijon ya ce, da abin da yake nufi, da abin da na rubuta miki a sama, har da maganar talabijin. Musamman ita. In kin ga fuskarsa ta canza kada ki yi saurin sassautawa, ki bar shi da ita. In ya ce me za a yi, ki ce ya dawo Minguettes ba mai hoto, ya zauna a sito lokacin cin abinci, ya yi tambaya ya rufe bakinsa.

Ba na jin zai kore ki. Na kalli mutumin awa biyu, na ga yadda yake sauraron wanda yake yi masa gardama, ya fi sauraron mai yabonsa. Masu ce masa “suna tare da kai” ya cika biro da su. Wanda zai ce masa ga abin da aka faɗa da gaske, wataƙila ke kaɗai ce a benen bironku duka, kuma in yana da hankalin da nake zato zai gane haka kafin ki kai ƙofa. In kuwa ya kore ki, kin san wanda kike yi wa aiki tun da wuri, ɗakinki yana nan ban taɓa komai ba. Kina da abin da ba ni da shi a gaban kumandan: sauran lokaci kafin Alhamis, da uban da ya riga ya faɗa ramin ya gaya miki inda yake.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuya. Da muka zo ƙasar nan na yi wa mahaifiyarki alkawarin shekara biyar. Da biyar ta cika na ce mu ƙara biyar saboda karatunki. Tana tsaye tana wanke shinkafa, ba ta juyo ba, ta ce: “To, Malam.” Da goma ta cika na ce sai na yi retret na ajiye aiki. Ta ce: “To, Malam. Allah ya kai mu.” Ni da na yi wa Hausa da Faransanci hidima shekara arba'in, ni da na san “to” iri iri kamar yatsuna, na juya wa kaina tata “to” ɗin na ce ta yarda, domin abin da nake so in ji ke nan. Kin san inda take kwance, bas biyu daga nan, ƙasar da ba ta taɓa cewa tana so ba. Ban taɓa zama na tambaye ta wace “to” ce ba. In Allah ya ba ki miji, ko 'ya'ya, ko wanda yake ƙarƙashinki a wurin aiki, ya ce miki “to” ya yi shiru, ki ja kujera ki tambaya.

Ke ma ban yi miki adalci ba. Ranar da kika gaya mini an ba ki aiki a Paris, kina tsaye bakin ƙofar kicin da takardar a hannu, na ce “to”, na ci gaba da kallon taga. Na ga kin tsaya kina jira, na ga kin tafi ɗakinki ba ki san me na ce ba. Har kika hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ban ƙara komai a kai ba. Bari tafinta ya yi aikinsa sau ɗaya daidai. Waccan “to” ɗin ma'anarta: na ji, ina tsoron gidan nan in babu motsinki, ina jin kunyar in faɗa. Ba yarda ba ce a ranar, ba zan yi miki ƙarya ba.

Yau kuwa na yi mako ina zaune da ita, na auna, ga amsata da kalmar da ba ta da fuska biyu: na yarda. Na yarda ki tafi, na yarda ki zauna, na yarda da aikin. Na sa miki albarka. Wannan ki juya ta da kowane harshe kike so, ba za ta canza ba.

Allah ya tsare ki, ya tsare harshenki, ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki ƙwanƙwasa ƙofar nan. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya jiƙan Maigari Ɗanladi, ya yafe mini. Ki riƙe salla, ki sa rigar sanyi, Paris ta fi nan Lyon iska. Malam Isuhu zai sauka da wasiƙar nan gobe da safe ya jefa a akwati, bai san sunansa yana ciki ba. In kin yi magana da shugaban ki kira ni, kuma in na ce “to” a waya, ki tambaye ni wacce.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abdu tafinta